Ɗan kurkuku tsakanin jiha da tarayya: wace takarda ke riƙe da shi, kuma mene ne haƙƙinsa?

Ranar 25 ga Yuli, 2023, an yi wata dambarwa a harabar Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi a Legas, wadda aka daɗe ana kallon bidiyonta a wayoyi. Alƙali ya ba da belin dakataccen gwamnan babban banki, Godwin Emefiele, a kan naira miliyan 20, ya kuma ce a ajiye shi a gidan yarin Ikoyi har ya cika sharuɗɗa. Jami'an DSS da suka kawo shi suka ƙi sakinsa, gandirobobi kuma suka ce umarnin kotu ya damƙa shi a hannunsu, har aka kai ga cin kwala a bainar jama'a. A ƙarshe DSS ce ta tafi da shi.

Hukumomin nan biyu duk na gwamnatin tarayya ne, wanda ake ja-in-ja a kansa kuma mutum ne mai manyan lauyoyi. To ina ga ɗan acaɓa daga Agege, ko mai dakon tumatir a Mile 12, ko ɗan canji a Broad Street, wanda maganarsa ke yawo tsakanin lauyoyin jihar Legas da wata hukumar tarayya, danginsa kuma suna Kano ko Sakkwato? Gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya bai wa jihohi damar mallakar gidajen gyaran hali, ya ƙara wa mutane ruɗani, domin da yawa sun ɗauka an riga an raba fursunoni gida biyu.

Gini na tarayya, laifi na jiha

Abu uku ne ake yawan cakuɗawa, alhali kowanne da matsayinsa: wanda ya kama mutum, dokar da ake zargin ya karya, da kuma wanda ke tsare da shi.

Wanda ke kamawa kusan kullum jami'in tarayya ne. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, don haka ɗan sandan Panti da na Alagbon duk ma'aikatan tarayya ne, kamar yadda jami'an EFCC da NDLEA da DSS da kwastan suke. Wanda ke tsarewa bayan umarnin kotu shi ma na tarayya ne. Gidan yarin Ikoyi, da gidaje uku na Kirikiri, wato mai tsananin tsaro da matsakaici da na mata, da kuma na Badagry, duk suna ƙarƙashin hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida a Abuja. Abin da jihar Legas ta daɗe tana gudanarwa da kanta shi ne gidajen horon yara, irin na maza da ke Oregun da na mata da ke Idi-Araba.

Inda rabuwar take ita ce a dokar laifin. Sata, faɗa, jikkata mutum, kisan kai, fyaɗe, karya dokar hanya ko ta tsaftar gari, duk laifuffukan jiha ne a ƙarƙashin dokar laifuffuka ta Legas ta 2011 da 'yan uwanta, kuma kotun majistare ko Babbar Kotun Jiha ke sauraronsu. Safarar miyagun ƙwayoyi, ta'addanci, halatta kuɗin haram, fasa-ƙwauri, jabun kuɗi da cin amanar ƙasa kuwa na tarayya ne, hurumin Babbar Kotun Tarayya. Saboda haka idan aka ce wane fursunan jiha ne, ana nufin dokar jiha ce ta kai shi ciki, ko da yake ɗakin da yake kwana da gandiroban da ke kulle shi da abincin da yake ci duk daga aljihun tarayya suke. Mutum biyu na iya kwana a tabarma ɗaya a Kirikiri, makomar ɗaya tana Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas, ta ɗayan tana Abuja.

Akwai laifuffukan da suka zauna a kan iyaka. Dokar fashi da makami doka ce da aka yi a matakin tarayya, amma kotuna sun daɗe da tsayar da cewa a Babbar Kotun Jiha ake shari'arta, lauyoyin jiha ke gabatar da ita. Haka kuma EFCC, duk da kasancewarta ta tarayya, tana yawan gurfanar da masu zamba a Babbar Kotun Jiha da ke Ikeja a ƙarƙashin dokar Legas. Sunan hukumar da ta yi kamu bai isa ya nuna wa dangi inda maganar ta dosa ba. Takardar tuhuma ce ke nunawa.

Daga Yari zuwa gandiroba

Kalmar gidan yari kanta tana ɗauke da tarihin wannan al'amari. Yari sarauta ce ta mai kula da kurkukun sarki a ƙasar Hausa, kuma da Turawa suka zo sun bar wa hukumomin En'e kurkukunsu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na gwamnati, irin wanda aka buɗe a Broad Street a 1872, wurin da yanzu ya zama Freedom Park. Ƙorafin da aka riƙa yi cewa ana amfani da 'yan doka da kurkukun En'e wajen gallaza wa 'yan adawar siyasa yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan rahoton kwamitin Gobir, ta haɗe kurkukun ƙasar a hannun tarayya a 1968. Doka ta 9 ta 1972 ta tabbatar da wannan tsari, kundin 1999 kuma ya sa kurkuku a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka.

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta sauya wa hukumar suna zuwa ta gyaran hali, ta kuma ƙara mata sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da sakin talala. A watan Maris na 2023 kuma ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya mayar da gidajen gyaran hali cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi duk ke da ikon yi wa doka, a rana ɗaya da gyaran da ya shafi jirgin ƙasa da wutar lantarki. Abin da gyaran ya bayar dama ce kawai. Bai miƙa Kirikiri ko Ikoyi ga gwamnan Legas ba, bai kuma tilasta wa wata jiha ta gina nata ba. Kuma ko jiha ta yi tata dokar, sashe na 4 ya ce duk inda ta ci karo da dokar majalisar tarayya, ta tarayya ce a sama.

Yadda mutum ke sauya hannu

Hanyar da aka fi gani ita ce ta tsarewar wucin gadi. 'Yan sanda su kai mutum gaban majistare a Ogba ko Yaba ko Ebute Metta da zargin da majistaren ba shi da hurumin shari'arsa, kamar kisa ko fashi, majistare ya ba da takardar tsarewa, a aika fayil ofishin daraktan gabatar da ƙararraki na jiha domin ya ba da shawara. Kotun Ƙoli ta amince da halaccin irin wannan tsarewa a 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, wadda daga Legas ta taso. Daga wannan lokaci jikin mutumin yana hannun tarayya, fayil ɗinsa yana hannun jiha, ɗan sandan da ya yi bincike kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha kowace rana. Mafi yawan waɗanda suka shekara da shekaru suna jiran shari'a a wannan tsakanin suka maƙale, kuma masu jiran shari'a su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan.

Hanya ta biyu ita ce a gano laifin na tarayya ne bayan an fara da kotun jiha. A misali, a kama mai kemis a Idi-Araba bisa rigimar unguwa, sai a tarar da kwalin Tramadol a shagonsa. Za a janye tuhumar da ke gaban majistare, a miƙa shi ga NDLEA, a shigar da sabuwar tuhuma a Babbar Kotun Tarayya. Antoni janar na tarayya da na jiha, bisa sashe na 174 da na 211, kowanne yana da ikon fara shari'a, ko karɓe ta daga hannun wani mai gabatar da ƙara, ko dakatar da ita kafin hukunci, amma kowanne a kan laifuffukan ɓangarensa.

Ta uku ita ce kamun bakin kotu, wato alƙali ya sallami mutum ko ya ba da belinsa, yana fitowa wata hukuma ta yi awon gaba da shi. Doka ba ta hana a kama mutum bisa sabon zargi ba. Abin da ta hana shi ne a mayar da sabon kamu dabarar yi wa umarnin kotu zagon ƙasa, kuma hanyar rarrabe su ita ce a duba ko an gurfanar da shi a kan sabon zargin cikin wa'adin da tsarin mulki ya ɗiba.

Sai kuma canjin gidan yari, wanda aikin hukumar ne na cikin gida. Ga wanda aka riga aka yanke wa hukunci, illar nisa ita ce yankewar ziyara da abincin gida. Ga mai jiran shari'a kuwa illar ta fi haka, domin ba a kai shi kotu sai da takardar neman a kawo shi da kuma motar da za ta ɗauke shi, kuma duk ranar da bai bayyana ba alƙali sai ya ɗage zama.

Haƙƙin da ke bin mutum duk inda aka kai shi

Babi na huɗu na kundin tsarin mulki bai bambanta fursunan jiha da na tarayya ba. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji, yana kuma da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, kuma a cikin birnin Legas da wuya a sami wurin da ya yi wa kotu wannan nisa. Idan wata biyu ya cika yana tsare ba a yi masa shari'a ba, sai a sake shi, da sharaɗi ko babu. Wannan kariya ta wa'adi ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, abin da ya sa rubuta kalmar fashi da makami a takardar 'yan sanda ke da nauyi ƙwarai a rayuwar mutum tun kafin a kawo shaida ko ɗaya. Sashen ya kuma haramta a tsare mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da laifin ke ɗauke da shi, ya wajabta diyya da neman afuwa a fili ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba.

Muhimmin abin lura shi ne, tsarin mulki daga ranar kamu yake ƙirga wa'adin. Idan 'yan sanda sun riƙe mutum kwana biyar sannan suka miƙa shi ga EFCC, miƙawar ba ta goge kwanaki biyar ɗin ba, kuma sabuwar hukumar tana buƙatar umarnin kotu kafin ta ci gaba da riƙe shi.

Inda ake samun bambanci na gaske shi ne a tsawon tsarewar wucin gadi. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ba da kwana 14 a karon farko, a iya ƙara 14, sannan wasu 14 na ƙarshe bayan an nemi hukuma ta zo ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. Takwararta ta Legas ta 2011 ta ba majistare kwana 30 a karon farko, da ƙarin wata guda. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 kuwa ta ba kotu damar amincewa da tsarewar kwana 60, kuma ana iya sabuntawa. Ke nan sauya sunan laifi na iya sauya yawan kwanakin da doka ta halatta a riƙe mutum, ko da bai motsa daga ɗakin da yake ba.

Ga Bahaushen da bai ji Turanci ko Yarabanci ba, sashe na 36 ya wajabta a ba shi tafinta kyauta a kowace kotu. Rashin tafinta yana cikin dalilan ɗage zama, kuma amsa laifi a kan tuhumar da ba a fassara wa mutum ba abu ne da kotun ɗaukaka ƙara ke iya rushewa. Sashen ya kuma hana a sake yi wa mutum shari'a a kan laifin da kotu mai hurumi ta riga ta hukunta shi ko ta wanke shi a kai, ko wani laifin mai ginshiƙai iri ɗaya, sai da umarnin kotu ta sama. A Amurka jiha da tarayya suna iya yi wa mutum shari'a daban-daban a kan aiki guda, amma lafazin kundin Najeriya bai ware kotun jiha daga ta tarayya ba. Sai dai akwai tarko a nan. Sallama daban, wankewa daban. Idan an janye tuhuma tun ba a yi nisa ba, ko an kori ƙara don kotun ba ta da hurumi, mutum ya sami sallama ce kawai, ana iya sake gurfanar da shi gobe a wata kotun.

Dokar 2019 ta ɗora wa mai kula da gidan yari nauyin tantancewa a bakin ƙofa. Ba ya karɓar mutum sai da takardar kotu, kuma an umarce shi ya ƙi karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni, ko ba ya cikin hayyacinsa, ko yaro ne da bai kai shekaru ba. Hikimar wannan ita ce kada a rasa wanda za a tuhuma idan an azabtar da mutum kafin a miƙa shi, abin da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar laifi. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ƙara da cewa fursuna yana da haƙƙin sanar da iyalinsa nan take idan an sauya masa wuri, kuma a yi ƙoƙarin ajiye shi kusa da gida.

Abin da ba ya bin sa

Beli na kotun da ta bayar ne, a kan tuhumar da ke gabanta. Idan magana ta koma wata kotu, sai an sake nema, a sake kawo masu tsayawa. Kotunan Legas sukan nemi mai tsayawa ya nuna shaidar biyan haraji ga jihar da adireshin da za a iya tantancewa, wani lokaci har da takardar fili ko gida, kuma wannan sharaɗi ne mai wuya ga ɗan ci-rani da duk waɗanda suka san shi 'yan ci-rani ne. Shi ya sa ake yawan komawa ga Sarkin Hausawan unguwa ko shugabannin kasuwa. Game da kwanakin da aka yi ana jira, dokar tarayya ta 2015 ta ce a lissafa su a lokacin yanke hukunci, amma alƙalin kotu ta biyu takardun da ke gabansa yake gani, don haka aikin lauya ne ya gabatar da ranar kamun farko da takardar tsarewar farko.

Afuwa ita ma dokar laifin take bi. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe laifin tarayya, sashe na 212 ya ba gwamna ikon yafe na jiha, saboda haka takardar roƙon da aka aika Abuja a kan laifin jiha ta yi ɓatan kai. Babban jojin jiha, a nasa ɓangaren, yana da ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ko wanda ya wuce iyakar ɗaurin laifinsa. Dokar 2019 ta ƙara masa ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan an gama ɗaukaka ƙara, shekara 10 kuma ta wuce ba a zartar ba.

Muhawarar gidan yarin jiha

Masu goyon bayan jihohi su ɗauki nauyi suna kafa hujja da kuɗi. Rauf Aregbesola, lokacin yana ministan cikin gida, ya sha faɗin cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na fursunoni laifin jiha ne ya kai su, alhali tarayya ke ciyar da su. Kuɗin abincin mutum ɗaya a rana ya tashi daga naira 750 zuwa 1,125 a 2024. A ganinsu, jihar da ba ta biyan ko kwabo a kan wanda ta aika ciki ba ta da abin da zai sa ta gaggauta fitar da shawarar lauyoyinta ko ta ƙara alƙalai. Suna nuni da Ikoyi, wanda aka gina a 1955 domin mutum 800, amma yake ɗauke da sama da 3,000 a watan Disamba na 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a wani ɗaki. Dokar 2019 ta ba shugaban hukumar gidajen gyaran hali a jiha damar sanar da babban joji da antoni janar idan gida ya cika, har ma ya ƙi karɓar sababbi, amma ƙin karɓa na nufin mutanen su koma ɗakunan caji ofis, waɗanda ba a gina domin dogon zama ba.

Masu adawa kuwa tarihin En'e suke tunawa. Suna tsoron gwamnan da ke da lauyoyin gabatar da ƙara da ikon afuwa, idan ya haɗa da makullin kurkuku, abokin hamayyarsa ba shi da mafaka. Suna kuma tambayar yadda jihohin da albashi ke gagara za su ciyar da fursuna, da yadda baƙo zai kasance a kurkukun jihar da ba tasa ba, wanda tambaya ce da ta shafi Hausawan Legas kai tsaye. Hujjar farko ta fi ƙarfi a jiha mai kuɗin shiga irin Legas, ta biyu kuma ta fi ƙarfi a inda kotuna ba su da ƙarfin taka wa gwamna birki. Abin da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba shi ne, ranar da aka sami gidajen yari iri biyu, miƙa mutum daga hannu zuwa hannu zai ƙaru, kuma sai an rubuta ƙa'idar da za ta fayyace wanda ke ajiye mutumin da ke da tuhuma a kotuna biyu, wanda ke kai shi zaman kotu, da hukuncin da zai fara yi.

Inda dangi za su dosa

Abin da lauya zai fara tambaya shi ne lambar tuhuma, sunan kotu, dokar da aka ambata a takardar, ranar kamu, da ranar da takardar tsarewa za ta ƙare. Idan laifin jiha ne, ofishin lauyoyin kare talaka na gwamnatin Legas, wanda aka kafa a 2000, yana karɓar irin waɗannan koke kyauta, haka ma hukumar ba da agajin lauya ta tarayya. Idan an rasa inda mutum yake, ko wa'adin takardarsa ya ƙare ba a sabunta ba, sashe na 46 ya ba da damar shigar da ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda ɗan uwa ko ƙungiya su shigar a madadin wanda ke tsare. A irin wannan ƙara lauyoyi sukan haɗa hukumar da ta yi kamu, da hukumar gidajen gyaran hali, da antoni janar ɗin da fayil ke hannunsa, domin kada kowanne ya zo gaban alƙali ya ce mutumin yana wurin ɗayan.